Ranakun Jar Riga

Alhamis, ƙarfe bakwai na safe. Fari.

Kwana biyu ke nan da suka tafi da Dogo.

Wannan littafi ba na irin wannan rubutu ba ne. A ciki nake rubuta launin rigar da Fada, limamin cocinmu, zai sa kowace rana, don kada in yi kuskuren guga. Shekara ashirin da shida ina wanki da gugar kayan Misa a cocinmu, ban taɓa shimfiɗa masa launin da ba na ranar ba. Kore na ranar da ba ta kowa ba ce. Fari na waliyyin da ya mutu a kan gadonsa. Ja na wanda aka kashe saboda bangaskiya, wato shahidi. Katikis, malamin coci, ya ce ba haka aka tsara bayanin ba, ni dai haka na gane shi, kuma rigar ba ta taɓa yi mini gardama ba.

Dogo ɗana ne, shi kaɗai Allah ya ba ni. Direban motar asibiti ne, shi ne kuma mai karatun farko a Misar safe. Abin da ya faru ranar Litinin a bakin gada ba zan rubuta shi ba. An kira mota, ya je, ya yi sawu uku. Rediyo ta ce mutum biyu ne suka mutu. Shi kuwa da aka tambaye shi a ƙofar asibiti sai ya faɗi adadin da ya ɗauka da hannunsa. Washegari da safe aka zo aka tafi da shi. Baki shi kan yanka wuya.

Waliyyin yau sojan nan ne da ya raba mayafinsa biyu ya ba mai jin sanyi, ya tsufa, ya mutu a shimfiɗarsa. Da can ba ya burge ni. Yau shi na riƙe.

Juma'a, bayan Misa. Ja.

Wani bishop ne da aka sare da gatari.

Duk cikin rigunan ja na fi so. Yadinta mai nauyi ne, tana karɓar guga, in Fada ya ɗaga hannu sai ka ga kamar bagade ya kama wuta. Jiya da na zo gugarta sau biyu ina ajiye dutsen guga ina fita shan iska.

A bakin ƙofar coci Shugabar mata ta riƙe mini hannu biyu, ido ya yi rau-rau. Ta ce, "Maman Dogo, Allah ya zaɓi gidanki. Ba kowace mace ke zama uwar shahidi ba."

Na ce, "Shaida ya bayar. Shaida. Shahidi gawa ce, ɗana kuwa yana da rai."

Ta ce, "Ai Katikis ya ce tushensu ɗaya."

Na ce, "To a bar tushen a ƙasa, kada wanda ya tono mini shi."

'Ya'yanta huɗu suna gida suna cin abinci, shi ya sa bakinta ya iya kalmar.

Asabar, ƙarfe huɗu na yamma. Kore.

Mun gano inda yake, gidan nan mai baƙin get a bayan tashar mota. Na zauna a benci tun ƙarfe tara. Wani jami'i mai gilashi a ido ya fito, mai fara'a, har da tambayar ƙafata da ke ciwo. Ban san wanda ya gaya masa ƙafata na ciwo ba.

Ya ce, "Mama, ɗanki ba ɓarawo ba ne, mun sani. Takarda ce kawai, layi huɗu. Ya rubuta cewa ruɗewa ya yi, bai ƙirga daidai ba, ya sa hannu, ki tafi da abinki yau ɗin nan."

Bai bari na gan shi ba, amma ya ba ni rigarsa a leda in wanke.

Da ruwan sanyi da gishiri na jiƙa ta. Irin wannan tabo ba a sa masa ruwan zafi, dafa shi yake yi. Ya fita, saura kaɗan a wuya.

Lahadi, ƙarfe biyu na rana. Kore.

Katikis ne ya yi karatun Dogo. Yana tuntuɓe a kan sunaye kamar mai tafiya a gonar da aka huɗe. Mutane suna waiwayo ni, ni kuwa bakin mayafin bagade nake kallo, na ga inda sitaci bai kama ba.

Da muka dawo matar telan unguwarmu tana zaune a dakalin ƙofarmu. Kullum nan take tun Talata. Ɗanta ya fita sayo zare ranar Litinin, ta bakin gada ya bi, bai dawo ba. Sunansa ba ya cikin biyun da rediyo ta faɗa, ba ya cikin littafin asibiti, ba ya ko'ina. Wata mai shara ce ta gaya mata cewa direba ya san fuskar duk wanda ya ɗauka, kafin ta iso kuma an tafi da Dogo. Ba ta tambayata komai. Mu gaisa, in miƙa mata ruwa, ta sha, ta zauna har rana ta karkata.

Allah ya gafarta mini, na fara jin haushin ganinta.

Litinin, safe. Kore.

Babu labari.

Talata, ƙarfe biyar na yamma. Kore.

Na gan shi. Minti biyar, da mutum tsaye a bayansa. Ya rame. Yana zama a karkace. Ban tambaya ba, bai faɗa ba.

Abin da ya fara cewa, "Mama, mene ne karatun yau?"

Na ji karatun da kunnena da safen nan. Labarin tsohon nan ne da aka tilasta wa cin naman da addininsa ya hana. Abokansa suka ce ya kawo nasa naman a ɓoye, ya ci a gaban jama'a kamar na sarki yake ci, ya tsira. Ya ƙi. Ya ce matasa suna kallo.

Na ce, "Ban ji sosai ba, lasifika ta lalace. Kamar dai labarin makiyayi ne da tunkiyar da ta ɓata aka dawo da ita gida."

Ya yi dariya har ya dafe haƙarƙari. Ya ce, "Mama, yau Talata. Tsoho ne da nama. Ni za ki yi wa wayo da kalanda?"

Na ce, "Tsohon ya kai shekara casa'in, ya ci zamaninsa. Kai matarka ciki gare ta wata bakwai."

Sai ya ce, "Wa ya ba ni labarin nan tun ban iya karatu ba? Kina guga, ina ƙarƙashin tebur. Har murya kike canzawa in kin zo wurin da ya ce ba zai ci ba."

Mutumin da ke tsaye ya ce lokaci ya yi.

Gaskiya ne. Na ba shi labarin wanda aka jefe da duwatsu, da wanda aka gasa a kan ƙarfe yana musu ba'a, da yarinyar da ta ƙi. Na ba shi su kamar alewa don ya zauna wuri ɗaya in gama aiki. Ban san ajiyewa yake yi ba.

Laraba, ƙarfe shida da rabi na safe. Fari.

Na fita daga Misa. Shekara ashirin da shida ban taɓa ba.

Karatun matar nan ne mai 'ya'ya bakwai, aka kashe su ɗaya bayan ɗaya a rana guda tana kallo. Da aka zo kan autan, sarki ya ce ta lallashe shi ya bi umarni ya rayu, sai ta sunkuya ta ce masa da harshensu ya bi yayyensa. Da Katikis ya iso nan na tashi, na shiga ɗakin kayan Misa, na rufe ƙofa.

Na yi mata magana a fili, ita matar. Na ce baiwar Allah, ke bakwai gare ki, ni ɗaya. Sai kuma na ji kunya, don bakwai ɗin duk ta rasa, kuma babu uwar da ke ƙirga 'ya'ya kamar ƙwai. Amma ban janye ba. Ban san yadda aka yi bakinta ya buɗe ba. Da ni ce da na cije harshena.

Kuma wai fari ne yau. Wata gimbiya ce mai ciyar da matalauta.

Alhamis, da hantsi. Kore.

Mun yi cacar baki da surukata, matar Dogo. Na ce ta je da cikin nan nata ta tsaya a gabansa, ya gani da idonsa, ko zai ji tausayi.

Ta ce, "Mama, ya san da cikin. Shi ya yi shi."

Na ce, "Au, wasa ma kike yi?"

Ta ce, "Ba wasa nake ba. Ranar da ya dawo daga gadar nan awa ɗaya yana wanke hannu a famfo. In ya sa hannu a takardar, wani mutum za su sako mana mai kama da shi, ni zan zauna da shi, ba ke ba. Ina son ya dawo, Mama, har ba na iya haɗiyar abinci. Amma ba zan roƙe shi ba."

Na ce mata maganar da ba zan rubuta ba. Ta shiga ɗaki.

Jikata, wadda muke kira Aku don ba ta jin magana ta bar ta a ƙasa, ta bi ni wurin shanya tana ta rera, "Shahidi gawa ce, shahidi gawa ce." Shekararta huɗu. Na daka mata tsawa ta yi kuka, ni ma na yi.

Juma'a, yamma. Kore.

Na kai abinci, sun karɓa. Ban gan shi ba. Matar tela tana dakali.

Asabar. Kore.

Na ba surukata haƙuri. Ta shafa mini magani a ƙafa.

Lahadi, bayan Misa. Fari.

An yi addu'a dominsa. Wani ya manna hotonsa a allon sanarwa, dab da hoton waliyyai na wannan wata. Na cire shi na sa a jaka. Wanda ya manna, in ya isa, ya zo ya same ni.

Litinin, ƙarfe biyar da rabi na safe. Ja.

Budurwar nan ce mai waƙa da aka sare wa wuya.

Na ƙona jar riga.

Ina gugar bayanta, wurin da gicciye yake, sai na ɗora dutsen guga na tsaya. Na ji ƙauri. Na san ƙauri ne, hancina lafiya lau. Ban ɗaga ba sai da hayaƙi ya tashi. Yanzu ga shatin dutsen guga nan baƙi ƙirin a tsakiyar baya, da hancinsa da komai.

Ita kaɗai ce ja da muke da ita. A raina na ce to, yau dole a sa kore. Babu ja a cocin nan, babu shahidi.

Litinin, ƙarfe takwas.

Fada ya sa ta a haka.

Ya shigo, ya ɗaga ta, ya juya, ya dube ni. Na ce, "Fada, hannuna ne ya kuskure."

Ya ce, "Mama, hannun da ya yi shekara ashirin da shida bai kuskure ba?"

Na ce, "Ba kuskure ba ne."

Ya ce, "Na sani." Ya zura kansa ciki.

Duk lokacin da ya juya baya tabon yana kallona. Bayan Misa na bi shi in furta zunubi, na faɗi na rigar, na faɗi ƙaryar da na yi wa Dogo a kan karatu. Sannan na ce, "Fada, kai ka je ka ce masa ya sa hannu. Zai ji maganarka. Allah ai ya san gaskiya ko an rubuta ko ba a rubuta ba."

Ya ce, "Na je sau uku, ba su bar ni na wuce get ba. Da sun bar ni, ba zan ce masa ya sa ba, ba kuma zan ce kada ya sa ba. Ni zan dawo in ci abincina, shi ne zai kwana a can. Wa'azin shahidai yana da sauƙi a bakina, Mama, sai da aka ɗauki wanda nake gani kowace safiya."

Ban samu abin da na je nema ba, amma shi ne mutum na farko da bai taya ni murna ba.

Talata. Kore.

Ban yi addu'a ba. Na riƙe carbi dai.

Laraba, ƙarfe goma sha ɗaya. Ja.

Yau ba mutum ɗaya ba ne, taron shahidai ne, fiye da ɗari, na wata ƙasa mai nisa. Manoma, masunta, iyaye mata. Bisharar kuma ta ce za a kama ku, a kai ku gaban masu mulki, wannan ne zarafinku na ba da shaida, har iyaye ma za su bashe ku. Wanda ya tsara karatun nan tun kafin a haife ni, kamar leƙen gidana yake yi.

Ina fitowa na tarar da mai gilashi a mota a bakin coci. Ya sauke gilashin mota ya gaishe ni har da rusunawa.

Ya ce, "Mama, jibi Juma'a za a ɗauke shi daga hannuna. Inda za a kai shi babu benci, babu kai abinci, ni kaina ban san ƙofar ba. Gobe ki zo ƙarfe goma, zan ba ku rabin awa. Ya ce mana maganar mutum ɗaya ce ba ya tsallakewa a duniya."

Ya miƙo mini biro, shuɗi, sabo. Ya ce, "Ki ba shi da hannunki."

Na karɓa.

Matar tela tana dakali. Na wuce ta da biron a jaka, ban iya ba ta ruwa ba.

Alhamis, ƙarfe uku na rana. Kore.

Na kai masa rigar da na wanke, a goge, da sitaci. Ya sa ta a gabana a hankali, hannu ɗaya ba ya ɗaguwa sosai. Takardar tana kan tebur. Mai gilashi ya koma bakin ƙofa yana danna waya.

Na yi magana. Na yi maganar cikin matarsa, na yi ta Aku da ke kwana da takalminsa, na yi ta ƙafata, na yi ta mahaifinsa da ya bar mini shi yana wata tara. Babu abin da ban zazzage ba. Na fito da biron na riƙe.

Ya saurara har na gama. Ya ce, "Mama, na gaji. Ba zan ɓoye miki ba, tsoro nake ji, ba kamar na cikin labaranki ba ne da suke ba'a a kan wuta. In kin ce in sa, zan sa. Ban taɓa ƙin maganarki ba. Amma ki faɗa da bakinki. Ki ce, Dogo, ba ka ga abin da ka gani ba."

Kalma nawa ce? Na buɗe baki. Mako biyu ina shirya ta, na shirya ta a wurin wanki, na shirya ta a gaban bagade. Na dubi fuskarsa, irin kallon da yake mini daga ƙarƙashin tebur in na zo wurin da tsoho zai amsa. Ya yarda duk abin da zai fito daga bakina gaskiya ne.

Ta ƙi fita.

Ban ce masa kada ya sa ba. Ina so wannan ya zauna a rubuce, ni ba matar nan mai bakwai ba ce, ban ƙarfafa kowa ba. Abin da na ce kawai, "Wuyan rigarka ya karkace."

Na tashi na zagaya, na sunkuya ina gyara masa. Sai ya yi magana a kunnena, ƙasa-ƙasa, da sauri, kamar mai karanta abin da ya haddace. Na ji duka. Na daɗe ina gyaran wuyan rigar da babu abin da ya same shi.

Da lokaci ya cika ya ce, "Yau wane launi?"

Na ce, "Kore."

Ya ce, "Madalla. Ranar da ba ta kowa ba."

Mai gilashi ya dubi takardar, ya dube ni. Fara'ar ta tafi. Bai tambayi bironsa ba.

Juma'a, ƙarfe goma. Kore.

Na kai abinci. Mai gadi ya ce babu mai wannan suna a nan.

Juma'a, yamma.

Surukata ba ta tambaye ni abin da na ce masa ba. Ta ɗora hannuna a kan cikinta, yana motsi.

Asabar, ƙarfe huɗu na yamma.

Gobe za a shiga makonnin jiran Kirsimeti, na goge shunayya na rataye. Jar rigar na ɗinke ta da ƙyalle daga ciki, tabon dai yana nan, Fada ya ce a bar shi. Farar rigar karatun Dogo ma na goge ta na rataye a ƙusar bayan ƙofa. In ta yi ƙura in sake wankewa.

Ban san inda yake ba. Ban san ko ni na bashe shi ba, ko da na faɗi kalmar ne zan zama na bashe shi. Na tambayi sojan mai mayafi, na tambayi tsohon, har matar mai bakwai na tambaya, babu wanda ya amsa. Shugabar mata ta zo da kalmarta a baki, ta ga fuskata, ta haɗiye.

Da bironsu nake wannan rubutu. Yana da kyau, ba ya yoyo.

Na ce ba zan rubuta abin bakin gada ba. Ga abin da ɗana ya faɗa a kunnena. Mutum goma sha ɗaya ya ɗauka. Ɗan tela shi ne na bakwai, da ƙullin baƙin zare a aljihu. Yana da rai a mota, ya nemi ruwa, ya ce a gaya wa uwarsa ba rigima ta kai shi ba, hanya ce. Ya cika kafin su kai ƙofar asibiti, hannunsa cikin na Dogo. Waɗanda suka karɓe su ba ma'aikatan asibiti ba ne.

Goma sha ɗaya. Na sake rubutawa don kada a ce ruɗewa na yi.

Matar tela tana dakali. Bari in ɗebo ruwa in fita.